Neman Masu Sunan Baba

Litinin: Mayo Bani zuwa Yola

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na ɗaura gyale na leƙa ɗakin Baba. Ba barci yake ba. Ya juyo da fuska wajen motsina, don ganinsa ya tafi tun bara waccan, ya ce, "Hajara, ko ɗaya ne ki taho min da shi." Na ce to.

Ga abin da ya fitar da ni. Mahaifina ya yi shekara talatin da wani abu yana ba da magani a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, har ana ce masa Baba Dispensa. Mu huɗu ya haifa, duk mata, 'yan'uwansa maza kuma sun riga shi tafiya. Da likita a Mubi ya ce mu mai da shi gida mu ci gaba da lallaɓawa, abu ɗaya ya tsaya masa a rai: wa zai shiga kabari ya karɓe shi? Mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Ni da nake juya shi, nake ba shi kunu a baki, ranar nan a ƙofar gida zan tsaya. Jikoki maza akwai, amma mazajenmu ba wanda ya ga ya dace ya sa wa ɗansa sunan Baba, wannan ma wata magana ce. Shi kuwa mai sunansa yake so.

Maza uku aka sa wa sunansa a ƙauyenmu, saboda ya tsaya wa uwayensu a haihuwa mai wuya. Da suka shiga firamare malamai suka liƙa musu sunan gari, kamar yadda ake yi a lokacin, duka ukun suka zama Ayuba Mayo Bani. Ɗaya ya shiga siyasa. Ɗaya yana fim a Kano. Ɗaya ya buga ƙwallo har ana kiran sunansa a rediyo, daga baya aka ji shi shiru. Ni ban taɓa furta sunan nan da bakina ba, 'ya ba ta kiran sunan uba. Amma ina da shekara arba'in da uku na shiga ajin manya, na iya rubutu. Na rubuta shi a takarda na cusa a jaka.

Babur ya kawo ni bakin Mubi, keke ya ƙarasa da ni tasha. Shida da rabi mota ta cika muka tashi. Direban, wani Bamichike mai suna Bitrus, ya ce, "Mama, wajen wa a Yola?" Na miƙa masa takardar.

"Wanne? Na fosta ko na fim?"

Wani dattijo a baya ya ce, "Da akwai na ƙwallo, mai ƙafar hagu. Ko ya mutu ne?"

Har muka wuce Hong suna gardama a kan wanda ya fi suna a cikinsu. Ba wanda ya tambayi inda sunan ya fito. Na kame bakina, don in na buɗe sai Bitrus ya sauke ni a daji. Shingen sojoji biyar na ƙirga kafin Gombi. A Song na sayi rake da gyaɗa. Sha ɗaya da minti ashirin muka shiga Jimeta, tafiyar kilomita wajen ɗari biyu.

Talata: ƙofar gidan Honarabul

Na sauka wurin Maman Rifkatu, wadda muka zauna benci ɗaya a ajin manya kafin ɗanta ya ɗauko ta zuwa Yola. Ta yi min tuwon dawa da miyar yakuwa, ta ce, "Ki je da kujera, gidan ɗan siyasar nan ba a shiga yau yau." Gaskiyarta. Ranar Litinin daga azahar har magariba ina tsugune a gindin katanga tare da mutum sun fi hamsin, kowa da takarda a hannu. Wani mai riƙe wa Honarabul waya ya fito ya ce in faɗi buƙatata a taƙaice. Na ce ba buƙata na kawo ba, saƙon ubansa na kawo. Ya ce uban oga ya rasu tuntuni, ya juya.

Talata ƙarfe goma aka buɗe ƙofa, baƙar mota ta sako kai. Na tashi na tsaya a gabanta. Ɗan sanda ya taso, na ce, "Taɓa ni ka gani. Wanda ke ciki na goya shi, ya yi min fitsari a baya." Gilashi ya sauka.

"Adda Hajara? Ke ce? Ashe Baba Dispensa yana raye?"

Shekara ashirin yana yawo da sunan mutum a bangon kowane gari, bai san ko mai sunan yana numfashi ba. Na haɗiye fushina, na gaya masa saƙon. Ya dafa ƙirji, ya ce wannan girmamawa ce babba, da an gama zaɓen fid da gwani zai zo da kansa.

"Yaushe ne?"

"Wata biyu, Adda."

"To, zan gaya wa mutuwa ta jira a fid da gwanin."

Ya yi dariya kamar wasa nake, gilashi ya hau. Aka biyo ni da buhun shinkafa mai hotonsa da sunan Baba a jiki da manyan baƙaƙe. Na bar wa Maman Rifkatu, na ce ta juye a roba ta kifa buhun.

Laraba: Yola zuwa Kano

Shida daidai muka bar Jimeta. Gadar Numan, duwatsun Kaltungo, sha ɗaya da rabi muna Gombe. A nan zan faɗi laifina, don ban iya ɓoye nawa in tona na wasu ba. Tun a ƙauye na san mai ƙwallon a Gombe yake. Mota ta tsaya rabin awa, na ci shinkafa da wake na koma na zauna. Raina ya raya min cewa Baba ya cancanci wanda za a ce wane ne ya sa shi a kabari, ba wanda aka manta da shi ba. Dukku, Darazo, Birnin Kudu, Wudil, bayana kamar zai tsinke. Ana kiran magariba na isa gidan 'yar ƙanwata a Kurna.

Alhamis: wajen ɗan fim

Shi kam bai ba ni wahala ba. Ofishinsa na hawa na biyu a titin Gidan Zoo, ina miƙa takarda ya fito da gudu ya durƙusa har ƙasa. Ya sa aka kawo gurasa da lemo. A fim dattijo yake fitowa, uba mai nasiha, ga farin gemun ma a rataye jikin ƙusa. Da na faɗi saƙon sai hawaye. Ban sani ba ko na gaske ne, shi ma ba na jin ya sani.

Ya share ido ya kira wani mai kyamara. Ya ce za su zo su shida. A ɗauki Baba yana dafa masa kai, a ɗauki tsohon asibitin, in lokaci ya yi kuma a ɗauki makara daga sama.

Na ce, "Ka zo kai kaɗai, da rigar jikinka."

"Adda, mutane miliyan suna bina, suna da haƙƙi a kaina. Duniya za ta san Baba."

"Baba yana kwance a leda, ƙashin bayansa ya yi gyambo. Wannan kake so duniya ta sani?"

Ya ce za a gyara wurin, a sa haske mai laushi. Na ajiye gurasar da na gutsura. Na ce ubana ba fim ba ne, in na ga kyamara a Mayo Bani da taɓarya zan tare ta. Ina sauka daga benen sai ƙanwata Ladi ta kira. Baba ya daina karɓar kunu, sai ruwa a cokali.

Juma'a: Gombe

Biyar da rabi na bar Kano, ƙarfe ɗaya ina Gombe. Bayan an sauko daga masallaci wani mai keke ya kai ni bayan filin wasa, inda ake ɗinkin ƙwallo da takalma. Na same shi a rumfa, ya yi ƙiba, ƙafar hagu a miƙe kan benci, basilla a hannu. Bai tashi ba.

"Adda. An ce an gan ki a Yola kin tare mota. Sai da kika gama da manya kika tuna da mu?"

"Haka ne. Na yi kuskure."

Bai zaci zan amsa laifina ba. Sannan ya fara. Ya ce sunan nan ba abin da ya tsinana masa. Da gwiwarsa ta fashe a fili, duk ofishin da ya je neman taimako sai a duba takarda a ce ya je wajen ɗan'uwansa Honarabul. In Honarabul ya yi alkawarin titi bai yi ba, shi ake zagi a tasha. 'Yarsa ta buga sunan a waya don ta nuna wa ƙawayenta, ba abin da ya fito sai babbar riga da gemun ƙarya. Ƙwallayen da ya ci kuwa kamar a mafarki ya ci su.

Na bar shi ya gama. Na ce, "Kwana biyu uwarka tana naƙudarka, ka zo a gicciye. Ruwa ya cinye hanya, ba motar da za ta kai ta Mubi. Baba ne ya juya ka da hannunsa, ni na riƙe masa kwanon ruwan zafi, ina shekara goma sha ɗaya. Sunan ba na Honarabul ba ne, ba na mai gemu ba ne, kai ma ba naka ba ne. Aro aka ba ku. Mai shi yana kira, dukanku kuna min lissafin abin da sunan ya yi muku."

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Can ya ce, "Ƙafar nan ba ta lanƙwashewa."

"Ba tsere na ce ka zo ka yi ba."

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Matarsa ta ba ni tabarma da tuwon masara, mace mai kirki. Ban ƙara yi masa magana ba.

Asabar: hanyar gida

Ƙarfe shida na isa tasha ni kaɗai. Na tarar da shi a kujerar gaba, ya miƙe ƙafa, da 'yar jakarsa a cinya.

Na ce, "Kujerar nan ni na kama tun jiya."

"Adda, ki koma baya. Ke gwiwarki lafiya lau, bakinki ne mai ciwo."

Na koma baya. Hanyar Biu rami ne a kan rami, kowane rami sai na ji ya ja numfashi ta haƙori. Taya ta fashe kafin Garkida, muka yi awa guda a rana. A Gombi ya sauka ya sayi lemon zaƙi, ya ce na Baba ne, ban gaya masa Baba ya wuce shan lemo ba. Huɗu da rabi muna Mubi. Biyar da minti goma babura biyu suka ajiye mu a ƙofar gida.

Ladi ta ce tun safe Baba bai yi magana ba. Na sunkuya na ce, "Baba, ga mai sunanka." Ya ɗaga hannu yana lalube. Mutumin ya rasa yadda zai durƙusa, sai ya zube a ƙasa gaba ɗaya ya kai kansa. Baba ya shafa fuskar, ya gangara kafaɗa, har hannunsa ya sauka a kan gwiwar. Ya danna nan, ya danna can.

"Wa ya yi maka wannan ɗorin? Bai iya ba."

Maganarsa ta ƙarshe mai tsawo ke nan. Ya ƙara kwana tara, baƙon yana kwana a bakin ƙofarsa, muna faɗa da shi kullum a kan yadda ake juya mara lafiya.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Maman Rifkatu, da matar Gombe, da malamar da ta koya min riƙe biro. Honarabul ya aiko da gaisuwa ta rediyo, ɗan fim ya sa hoton wani tsoho da ba Baba ba ne a waya. Su ban da abin da zan ce musu.

Ranar jana'iza na tsaya a ƙofar gida har maza suka dawo. Shi ne na ƙarshe, yana jan ƙafa, jar ƙasa har ƙugunsa. Ya tsaya a gabana.

"Adda, ni na karɓe shi. Na gyara masa kai, yana kallon gabas."

Na shiga ciki na ɗebo masa ruwa.