Jan Zakaran Yayata

Yayata tela ce a bakin kasuwar Kafanchan, kuma ba a taɓa sa wa shagonta suna ba. Wani ƙaton jan zakara ne kawai aka zana a allo, aka kafa a bakin titi. Matan Nok da na Fadan Kaje in sun sauka a tasha, sai su ce wa ɗan acaba, "Kai ni Jan Zakara." Shi ke nan.

Wata shekara, ana saura wata biyu Kirsimeti, hukuma ta ce kowa ya cire allonsa daga titi, a manna rubutu a bango, girma ɗaya, launi ɗaya. Ni malamin makaranta, har tafi na yi. Na ce mata, "Yaya, gari ya waye, zakaran nan ƙauyanci ne." Da hannuna na rubuta mata sabon allo da Turanci mai kyau.

Wayyo! Titi ya koma kamar layin ajujuwa. Matan zumuntar coci da suka saba kawo mata ɗinkin anko suka riƙa wucewa ta ƙofarta da atamfa a ka, yawancinsu ba su karatu, su gaji su ba wani tela. Ɗinkin Kirsimeti kuwa shi ke riƙe gidanta shekara guda. Kunya ta hana ni zuwa cin tuwo wurinta.

Ana nan sai ga jami'in da ya sa aka cire allunan ya shigo, gumi sharkaf, da tsohuwarsa a baya. Tun safe take yawo a acaba, ta rantse ba mai taɓa mata zane sai Jan Zakara.

Yayata ta ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka yanka shi."

Tsohuwar ta juya ta dube shi. 

Ba a yi sati biyu ba aka sassauta dokar: kowa ya kafa abin da yake so, muddin bai tare hanya ko kwata ba. Zanen kifi ya dawo, na ƙaton takalmi ya dawo, mai kunu ta zana citta. Zakara ya fito da sabon fenti, keken yayata bai huta ba har jajibere.

Ranar Kirsimeti na yi ƙarfin hali na tambayi allona. Ta kai ni bayan gida, ta nuna mini rufin akurkin kaji.

"Ga shi nan, Malam. Zakaru na kwana a ƙarƙashin Turancinka, ko ɗigo ba ya yoyo."