Malam Gaba-Kaɗan da Na'urar Nuna Hanya

A duk garin babu telan da bai san Malam Gaba-Kaɗan ba, kuma babu telan da bai taɓa zaman jiransa ba. Mai gyaran keken ɗinki ne. Shekara arba'in yana sana'ar, har ta kai idan ka kira shi ka ce kekenka na tsinka zare, sai ya ce ka kara wayar kusa da keken ka taka sau uku. Kafin ka ɗage ƙafa ya gaya maka ko kwarkwaro ne ya goge, ko allura ka sa a karkace, ko kuwa kai ne ba ka iya ɗinki ba. Kunne kam Allah ya ba shi. Abin da aka hana shi shi ne gane hanya.

Ya taɓa ɓata a cikin asibitin da aka haifa masa 'ya'ya huɗu. Ya je ganin jaririya, ya ɓulla ɗakin cire haƙori. Kuma ba ya tambaya, don a ganinsa mutum mai furfura ba ya sauke gilashi ya roƙi mai faci ya nuna masa gari. Duk wanda ke cikin motar ya ce, “Malam, anya nan ne kuwa?” amsar ɗaya ce: “Gaba kaɗan ne.” Daga nan sunan ya bi shi, har jikokinsa ba su san yana da wani ba.

Abin da ya rufa masa asiri shi ne Hajiya, matarsa. Shekara talatin da ɗaya tana kujerar gaba, akwatin kayan aikinsa a cinyarta. Ita idan ta bi layi sau ɗaya, ya zauna mata ke nan. Teloli sun saba ganinta a gindin bishiya tana saƙa, shi yana ciki yana zuba wa keke mai yana zagin wanda ya taɓa shi kafin ya zo.

Wata safiya ya tayar da mota, ya yi hon sau biyu. Hajiya ta fito da zanen gida, ta ajiye masa akwatin a kujerar gaba, ta rufe ƙofar a hankali.

“Malam, na yi ritaya.”

“Ritayar me?”

“Ritayar hanya. Bayana ya gaji, gwiwata ta gaji. Ko ma'aikacin gwamnati ana sallamarsa.”

“To ai ni ban sallame ki ba.”

“Ni na sallami kaina. Allah ya kiyaye hanya.”

A makon farko ya ɓata sau biyar. Mafi muni ita ce ranar da wata mata ta kira shi gidanta. Ya shiga layin da yake zaton nata ne, ya ga gida mai koren ƙyaure, ya yi sallama ya ce shi ne mai gyaran keke. Mutanen gidan suka dubi juna, suka jawo masa wani tsohon keke daga ƙarƙashin gado. Ya kwance shi ɗaiɗai, ya wanke, ya ɗaure, ya taka, keken ya kama ɗinki lafiya lau. Sai da yana wanke hannu tsohuwar gidan ta ce, “Allah ya yi albarka. Amma wa ya turo ka?”

Labarin ya riga shi isa gida, domin wadda ta kira shi ta gaji da jira ta kira Hajiya, tsohuwar kuma ashe ƙanwar maƙwabciyar Hajiya ce. Da yamma sai ga surukinsa, mijin 'yarsa Auta, wanda ke aiki a wani ofis inda ake taɓa kwamfuta, shi ya sa duk abin da ke da maɓalli a dangi shi ake kira. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya zagayo kan maganar da aka aiko shi.

“Baba, akwai wata 'yar na'ura da ake liƙawa a gilashin mota. Tana jin sigina daga tauraron ɗan'adam, ta nuna taswira, ta kuma riƙa faɗa wa direba inda zai juya. Ba don Baba bai san hanya ba. Garin ne ya canza.”

“Garin ya canza ƙwarai,” in ji Malam, yana kallon gefen da Hajiya take. Ita ko ɗago kai ba ta yi ba.

Surukin ya ce iri biyu ne. Akwai wadda aikinta hanya kawai, ka kunna ta kama magana. Akwai kuma kwamfutar hannu, wadda ke ajiye sunaye da lambobin mutane, ana taɓa ta da ɗan tsinken roba, sai a haɗa mata wani ɗan akwati mai jin tauraro da katin taswira. Shi dai a shawararsa Baba ya ɗauki ta farkon, ta fi sauƙi.

Wannan kalmar ce ta ɓata komai. Malam bai taɓa yarda da abu mai sauƙi ba. A wurinsa sauƙi na nufin roba, roba kuma na nufin wata shida ta lalace.

Sai ya shiga bincike. Mako shida yana zuwa wani shagon kayan lantarki da ke layin bayan gidansa, wanda shi kaɗai ne shagon da zai iya zuwa ya dawo ba rakiya. Mai shagon wata matashiya ce mai gilashin ido da haƙuri. A zuwansa na farko ta kawo masa kujera da ruwa. A na huɗu kujera kawai. Daga na bakwai tsaye yake yi.

Ya sa ta fita da kowace na'ura rana tsaka don ya ga ko allon zai karantu. Guda biyu suka koma madubi, ya ga fuskarsa a ciki ya ce a mayar. Ya danna da babban yatsansa mai kanta da baƙin mai, ya nemi harafi ɗaya huɗu suka fito. Ya sa ta ƙure muryar kowacce, shi kuma ya tayar da motarsa a ƙofar shago yana taka totur, don salansarsa ta fashe tun bara kuma ba ya da niyyar gyarawa. Ya kama maƙalin da ake mannawa a gilashi ya ja da ƙarfinsa har ya ɓalle.

“Kawu, ai ba a rataye masa buhu,” in ji ta.

“'Yata, ba ki san ramukan da nake faɗawa ba.”

A ƙarshe abin da ya raba gardama ba allo ba ne, ba murya ba. Ya riƙa juya kowace yana duba bayanta. Mai hanya kawai ɗin a manne take ruf, ko tsaga babu.

“Wannan ta ina ake buɗe ta?”

“Ba a buɗewa, Kawu.”

“Idan ta lalace fa?”

“Sai a sayi wata.”

Ya ajiye ta kamar ya taɓa mushe. Ya ɗauki kwamfutar hannun, ya juya, ya ga noti huɗu a kusurwoyi, ga murfin batir da ake zarewa. Fuskarsa ta saki. Ya ce wanda ya ƙera wannan yana tsoron Allah, a naɗe masa ita.

Haɗa ta a mota ya ci Asabar guda. Soket ɗin caji na motar ya mutu tun kafin ya saye ta, sai da ya ja waya daga wajen fis. Surukin ya zo da rigar ofis, ya ƙare kwance a ƙasan sitiyari ƙafafu a waje. Waya ɗaya ta tafi ga kwamfutar, ɗaya ga ɗan akwatin tauraro da aka ɗora a gaban gilashi, Malam kuma ya ɗaure su duka da zaren ɗinki, ya rataye tsinken robar a madubi don kada ya ɓata. Na'urar ta yi minti goma tana neman tauraro. Malam ya leƙa sama ya ce da rana tsaka ina za ta samu. Surukin ya buɗe baki zai yi bayani, ya tuna a gaban wa yake, ya rufe.

Ranar gwaji Hajiya ta yarda ta shiga, amma a baya, kuma da sharaɗin ba za ta ce uffan ba. Surukin ya zauna gaba. Aka sa adireshin wani shagon teloli da ke ƙetaren gada. Muryar mace ta fito, a natse, ba gaggawa.

“Bayan mita ɗari biyu, juya hagu.”

Malam ya juya dama.

“Ana sake lissafin hanya,” in ji muryar. “A shataletale na gaba, bi dama.”

Malam ya bi hagu, da sigina da komai, cikin cikakkiyar natsuwa.

Sau huɗu ana haka. Suka wuce gidan mai ɗaya sau uku, har mai zuba man ya fara ɗaga musu hannu. Surukin yana ta gumi, yana latsa allo, yana cewa wataƙila taswirar ce ba a sabunta ba. Malam ya ce dama ya faɗa, kayan zamani sai a hankali. Sai suka ji wani sauti daga baya. Hajiya ce ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

“Ku bar yarinyar mutane, ba laifinta,” ta ce da ta samu numfashi. “Malam bai san hagu da dama ba.”

Malam ya harare ta ta madubi.

“Wane irin zance ne wannan a gaban yaro?”

“Tun muna amarci na gane. Ka taɓa jin na ce maka hagu? Wajenka nake cewa, ko wajena.”

Malam ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya shiga neman rana ɗaya a shekara talatin da ɗaya da zai kafa hujja da ita, bai samu ba. Surukin ya ƙura wa tabarmar mota ido kamar an rubuta wani abu a kai, yana addu'ar kada dariya ta kuɓuce masa aurensa ya shiga matsala.

“Da hannun da nake cin abinci ai na san dama,” in ji Malam daga baya.

“To kafin ka tuna da abinci an wuce kwanar.”

Ta miƙa hannu ta buɗe akwatin kayan aiki, ta zaro jan zare, ta sa surukin ya naɗa shi a gefen hagu na sitiyari. Ta ce duk lokacin da matar nan ta ce hagu, ya bi ja. Idan ta ce dama, ya bi inda babu komai. Cikin minti goma sha biyu suna ƙofar shagon. Telolin suka fito suna duba agogo, ɗaya ya tambaya ko lafiya.

Tun daga ranar Malam ya zama mai zuwa a kan lokaci, abin da ya ɓata wa teloli da yawa tsari, don sun saba idan ya ce ƙarfe goma su tafi cin abinci su dawo. Ɓangaren kwamfutar kuwa ya cika shi da tarihin kekuna. Ba ya rubuta sunan mai keke, sai halinsa: Mai Karya Allura, Ba Ya Zuba Mai, Wadda Mijinta Ya Taɓa. Shi da muryar suna zaman lafiya, in ban da musu kaɗan. Idan ta ce ana sake lissafin hanya, sai ya ce mata lissafa, aikinki ne.

Shekara shida ke nan yanzu. Surukin ya yi ta roƙo a sabunta taswirar, ko ma a koma amfani da waya kamar kowa, Malam ya ƙi, ya ce abin da ke aiki ba a taɓa shi. Bara aka buɗe sabuwar gada a gabashin gari, na'urar ba ta san da ita ba. Duk lokacin da ya hau, allon sai ya zama shuɗi, 'yar kibiyar motarsa tana tafe a tsakiyar kogi, muryar tana ta roƙonsa ya koma kan hanya mafi kusa. Ran nan ya ɗauko wata tela da kan kekenta za su shagonsa, ta ji wannan magiya, ta riƙe ƙofa ta ce ko dai su tsaya su tambaya.

“Rabu da ita,” in ji Malam, yana rage muryar. “Tsoron ruwa take yi. Da mun sauka za ta dawo hayyacinta.”