Ɓarin Goron da Ya Dawo da Mu Zariya

Shekarun baya, lokacin ina karanta labarai a gidan rediyo, mahaifiyata Hajiya ta fara kukan nauyin ƙirji. Daga gidanmu a unguwar Kusfa zuwa bakin titi sai ta tsaya ta huta. An yi gwaje-gwajen da aka saba, ba a ga abin kamawa ba. Sai likitanta ya ce akwai wani babban asibiti mai nisa inda ake binciken wata hanyar ɗaukar hoton zuciya: a yi wa mutum allurar sinadarin nukiliya ɗan kaɗan, na'ura ta bi shi ta nuna inda jini ba ya isa. Da ƙyar ya samo mata gurbi. Ya kuma gargaɗe ni cewa ranar aikin ake haɗa sinadarin, ƙarfinsa yana raguwa cikin sa'o'i, ba ya jiran kowa.

Kalmar nukiliya ce ta fara wahalar da ni. 'Yan'uwa suka cika gida kamar ana sallama da mai tafiya hajji a ƙasa. Na yi bayani har muryata ta dushe, kawuna ya ce ai a bakina suka saba jin makaman nukiliya, yau kuma in ce magani ne? Yayar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ce ƙafarta ƙafar ƙanwarta.

Akwai ƙa'ida ɗaya. Saboda ciwon gwiwa Hajiya ba za ta iya tafiya a kan injin motsa jiki ba, don haka za a ba ta maganin da zai buɗe jijiyoyin zuciya kamar ta yi gudu. Shayi, kofi da baƙin lemon kwalba suna hana maganin aiki, sai a bar su tun jajibiri. Na karanta musu wannan da muryar labarai, na maimaita kanunsa. Na ɓoye ganyen shayin gidan da hannuna.

Muka yi doguwar tafiya muka isa. Aka yi tambayoyi, Hajiya tana amsawa daidai, ni ina gefe ina jin kaina. Sai likitar da ke tambayoyin ta tsaya tana kallon bakin Hajiya.

"Hajiya, kin ci goro?"

"Ɓari ɗaya ne, 'yar nan. Yaya ce ta ba ni saboda tashin zuciya a mota."

Likitar ta ajiye biro. Ta ce abin da ke cikin kofi yana cikin goro, hoton zai iya nuna lafiya alhali babu, kuma ba za ta yi wasa da zuciyar mutum ba. Na roƙa a jira gobe, aka ce goben ta wasu ce. Inna ko a jikinta. Ta ce tun suna 'yan mata ba sa shiga mota ba goro, kuma ita ba ta taɓa jin an lissafa goro cikin abin ci ko abin sha ba.

Haka muka juyo. Muna shigowa Zariya ta Ƙofar Gayan ina jin Inna a baya tana ƙarasa ɗaya ɓarin.

Watannin da muka yi muna jiran sabon gurbi ba na son tuna su, don Hajiya ta kai ga yin salla a zaune. Da aka yi hoton, sai ga wani sashe na zuciyar da jini ba ya isa sosai. Aka ɗora ta a kan magani, alhamdulillahi har yau tana nan, tana zuwa bakin titi ba hutu. Likitocin kuma sun ce sun ƙara goro cikin abubuwan da suke tambaya.

Har yanzu in na tuna raina yakan ɗan ɓaci, ban ma san da wa ba. Abin da na ɗauka dai shi ne, in za ka hana mutum abu, fara duba abin da ke ƙulle a bakin zaninsa. A tafiya ta biyu Inna da kanta ta kwance nata a ƙofar gida, ta zuba mini goron a hannu.

"Riƙe, mai labarai," ta ce. "Amma na san yawansu."