Munduwar Inna da injin hoton ƙwaƙwalwa

Tun da hannun Inna ya fara rawa nake cikin tsoro. A ƙauyenmu na kusa da Illo an ce iska ce, wata ma ta ce ana ɗauka. Sai na daina ba ta jaririyata. Inna mahaifiyata ce, ta kuma lura.

Ranar da za mu kai ta asibiti mun tashi da asuba, ni da ita da yayana, goyo a bayana. Motar cike take da 'yan Benin masu buhunan albasa. A kan gada na ga kogi ya cika har ba a ganin ƙarshensa. Mun wuce Bagudo, a Jega muka ci soyayyen kifi, ni ke ɓare mata.

A babban asibiti a Sakkwato aka ce injin hoton ƙwaƙwalwa yana fizgar ƙarfe, a cire komai, har kwalli a wanke. Munduwar hannun Inna kuwa maƙeri ne ya lanƙwasa mata ita ranar aurenta, ba ta taɓa fita ba. Mun gwada sabulu, mun gwada mai. Aka ce layinmu zai wuce. Yayana ya ruga kasuwa ya zo da maƙeri. Inna ta miƙa hannu tana kallon gefe.

"Buɗe ta a hankali, ɗana. Wanda ya sa min ita ya rasu."

Aka tura ta cikin wani farin rami mai ƙara kamar injin niƙa. Da ta fito, likita ya juyo mana allo. Wallahi cikin kan Inna ne, falle-falle kamar an yanka kabewa, ba wuƙa ba jini! Ya ce babu ƙari. Ya nuna wani ɗan wuri can ciki, bai fi ƙwayar wake ba, ya ce nan suke neman alamar ciwon, har yanzu ma koyon karanta ta ake yi. Magani zai rage rawar, ba zai kawar da ita ba.

Na tambaya ko ana ɗauka.

"Ko kusa," in ji shi.

A motar dawowa jaririyar a cinyar Inna ta yi barci har gida. Ni kuwa kunya ta rufe ni.

Don Allah, in hannun tsohonku ya fara rawa, ku kai shi a duba, kada ku guje shi. Ku sa Inna a addu'a.