Tabarmin da Ɗanjuma Ya Ƙi Shimfiɗawa

Ɗanjuma na Horo Birni taubashina ne, ɗan gwaggota. Tun muna yara nake kiransa bawana, har ya yi furfura bai fanshi kansa ba. Sana'arsa horon shanun huɗa. A kawo masa ɗan bijimi mai taurin kai, ya huda masa hanci ya zura igiya, kafin ruwan shuka ya sauka sai ka ga sa yana bin kunya kamar a cikinta aka haife shi. Ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne dam ɗin Shagari, shi ma daga bayan babur, yana ƙanƙame da mai tuƙi.

Ɗansa namiji guda ne, Hamza, mai fataucin albasa a kasuwar Bodinga. Shekarar da albasa ta ruɓe masa a ajiya, ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, ya bar matarsa Fiddausi da goyo. Daga baya abokin tafiyarsa Maniru ya dawo shi kaɗai. Ya ce jirgin robar da suka shiga ya kife a teku, kuma da idonsa ya ga ruwa ya rufe Hamza.

A wajenmu in an yi rashi, maigida kan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ya zauna karɓar gaisuwa. Ɗanjuma sai ya naɗe nasa ya ɗora bisa rumbu. Mutane suka zo har daga Kajiji, suka tsaya cirko-cirko, suka koma da ta'aziyyarsu a baki.

Hujjarsa ita ce, a tafsirin azumi ya ji an karanta cewa Allah Ya hore wa mutane teku, jirage su bi ta kanta su nemi abinci. Ya ce shi ya san horo, abin da aka hora ba ya cin mai shi. Saboda haka Hamza na nan da rai a wani gefe.

Liman Abdulaziz ya zo ya tuna masa cewa Littafin nan dai ya ba da labarin igiyar ruwa kamar duwatsu, da mutanen da aka nutsar.

Ɗanjuma ya ce, "To wacce za ni kamawa, Allah gafarta Malam? Guda ta ce an hore ta, guda ta ce tana haɗiye mutane. Waɗanda anka nutsar can masu saɓo na. Ɗana bai taɓa barin salla ba."

Liman ya ce duk biyun gaskiya ne, kuma mumini in ya tafi a ruwa shahada ya samu. Ɗanjuma ya yi godiya, ya raka shi, tabarmi na bisa rumbu.

Wadda abin ya faɗa wa ita ce Fiddausi. Kunyar suruki ta hana ta shiga takaba alhali shi bai karɓi mutuwar ba. Ta zauna ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Mata su shigo su rasa gaisuwar da za su yi mata, su ɓige da tambayar lafiyar yaro.

Da na ga damina na neman wucewa a haka, na je na same shi a turke yana ba shanu harawa.

Na ce, "Bawana, ka tuna ranar da na ari jan sanka? Muna tsakiyar kunya ka yi fito daga bakin hanya, ya watsar da ni ya tattake mini gero ya nufe ka. Da na zo faɗa, me ka ce?"

Ya ce, "Cewa niy yi an hora shi ya yi miki aiki, ba a ce naki na ba."

"To ita tekun wa ya ce maka taka ce?"

"Hajjo, ni na san dalilin da yas sa niy yi fito."

"Allah ma Ya san nasa. Ba dole ne Ya gaya wa bawan tsohuwa irina ba."

Bai yi dariya ba, ni ma ban so ya yi ba. Muna nan Fiddausi ta kawo mana ruwa, ta durƙusa, da atamfar aurenta mai furanni a jikinta. Ya tambaye ta ko tana da magana. Ta ce, "Baba, ni dai ku faɗa mini zanen da za ni ɗaurawa."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke cikin kwanon. Sannan ya miƙe ya sauko da tabarmin, ya kakkaɓe su, ya shimfiɗa a ƙofar gida ya zauna. Ni na fara gaishe shi, kuma a ranar nan, da sunansa na kira shi.

Fiddausi ta yi takabarta ta fita, yanzu tana aure a Bodinga. Ɗanjuma ya ci gaba da zuwa tafsiri duk azumi. In an iso ayoyin teku sai ya sunkuyar da kai, in mun haɗu ya ce mini har yanzu bai gama ganewa ba. Bara ya rasu, a kan gadonsa, nesa da kowane ruwa. Tabarmin nan aka shimfiɗa masa.