Jan Fenti a Katangar Mai Kunu

Shekarun baya can, lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Zuru ba, na yi aiki da masu duba lafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Daga wannan aikin na kwaso wani haushi da har yau bai sake ni ba.

Muna da rijiyoyin gwaji nan da can. Ba na sha ba ne, bututu ne siriri da aka nutsa cikin ƙasa, da murfin ƙarfe da kwaɗo. In mun je sai mu zura ɗan dogon guga, mu yi ta kwashe ruwan da ya kwana muna zubarwa har sabo ya taso. Sannan mu tsoma na'ura ta nuna tsami da gishirin ruwan, mu cika kwalabe, mu jera a kula da ƙanƙara a kai Birnin Kebbi.

Ɗaya daga cikin rijiyoyin tana Rikoto, bayan wani tsohon sito na takin zamani, dab da katangar wata dattijuwa da mijinta soja ya rasu. Mama muke ce mata. Kunun zaƙi take yi da ruwan rijiyar gidanta, da shi take riƙe da jikokinta. Duk unguwar nata ake sha, mu ma in rana ta gasa mu bencinta muke faɗawa.

Ranar da muka auna, na'ura ta nuna ruwa lafiya lau. Muna haɗa kaya ogana ya ɗauko jan fenti zai yi alamar mun gama da wannan rijiyar. Murfin a jiƙe yake, fenti ya ƙi kamawa. Kawai sai mutumin nan ya juya ya zabga wa katangar Mama ƙattan layuka biyu a gicciye, irin waɗanda ake yi wa gidan da za a rushe.

Na ce, "Oga, katangar mutane ce fa."

Ya ce, "To sai me? Ita ce zan hango daga mota."

Da muka sake biyowa ta unguwar, sai na ga benci wayam, bokitin kunu a rufe. Mama ta yafito ni.

"Ɗana, faɗa mini gaskiya. Mi kunka gani cikin ruwana?"

Na ce wallahi ba mu ga komai ba, Mama.

Ta ce, "To an ce likitocin ruwa sun ga guba, ga shaida nan a bango. Na kai kunu taron zumuntar mata, ba wadda ta taɓa. Wata ma a gabana ta fizge kofi daga bakin ɗanta, kamar ni mayya ce."

Zuciya ta taso mini. Na sami oga a mota na ce ya fito ya yi wa mutane magana, baki biyu kawai. Ya ce ba mu da izinin faɗin sakamako sai rahoto ya fito. Na ce, "Izinin shafa fenti fa, wa ya ba mu?" Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce matsalar mutanen nan jahilci.

Jahilci! Kai jama'a. Mutane sun ga baƙi da farar mota sun kwana biyu suna zura abu cikin ƙasa, sun zubar da ruwa, sun bar jan gicciye sun tafi ba ko sai an jima. Me za su ɗauka? Uwar da ta hana ɗanta sha, hankali ta yi. Wanda ya yi wauta shi ne mai riƙe da gwangwanin fenti.

Washegari na sa rigar aiki na zauna a bencin Mama, na yi ta ɗirkar kunu ina ɗaga kofi ga duk mai wucewa, har cikina ya zama ganga. Ni a dole ga mai ceto. Wani mai mashin ya rage gudu ya ce, "Sha abinka, malam, ai ku kuna da makarinsa a mota."

Mama ta karɓe kofin. "Bari hakanan, ɗana, kada ka fashe. Fenti ya fi ka baki."

Na samo dutse na kankare bangon, tabon ya ƙara faɗi, aka ce ga shi nan ana ɓoye laifi.

Sai bayan damina rahoto ya fito, ruwa ƙalau yake. Na hau mashin na ruga Rikoto, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciyarta ta ce Mama ta kwashi yaran ta koma Danko wurin ƙanenta, ta gaji da zubar da kunu. Na gaya mata abin da ya kawo ni. Sai ta ce, "To ke nan za mu iya ɗiban ruwan gidan?"

Na tada mashin na juya, don na san abin da zai fito daga bakina ba mai daɗi ba ne.

Na daɗe a aikin nan bayan haka, kuma ban sake barin bakin rijiya ba sai na tara waɗanda ke wurin na faɗa musu da Hausa abin da muka zo yi. Oga kuwa an ƙara masa girma, na tabbata ya manta da katangar. Ni kam tun ranar ban sake shan kunun zaƙi ya yi mini daɗi ba.