Katako Bakwai a Jikin Tsohon Jirgi

Ni ban zo Ingila don jirgin ruwa ba. Rakiya na yo. Matata ce ta samu gurbin karatu a Manchester, muka tare a wani ɗan ɗaki a Fallowfield, ni kuma na shiga jido a sito, ina ɗaga kwali ina ajiye kwali har bayana ya daina miƙewa. A Kano kafinta ne ni, ɗan kafinta. A nan kuwa ba wanda ya taɓa tambayata abin da hannuna ya iya, kuma wannan ya fi ciwon bayan ci mini rai.

Wani Alhaji mutumin Ghana, mai tuƙa motar katako, shi ya tsamo ni. A kasuwar Gorton muka haɗu, ya ji Hausa a bakina, hira ta kai mu ga sana'a.

"Malam, akwai wani workshop a Birmingham, suna neman hannu," ya ce. "Boat ne suke gyara. Ka kwana gidana a Small Heath, weekend ka dawo wajen iyali."

Jirgin ruwa a Birmingham, garin da ko warin teku ba ya ji. Amma ga shi nan cikin wata rumfar kwano, bisa turaku, ya fi gidanmu na Kano tsawo. Irin jirgin nan ne da iska ke turawa, ba inji ba. Mai kula da aikin wani tsohon Bature ne mai ciwon gwiwa, wanda ba ya gajiya da tarihin jirgin nan, ni kuwa na gaji da shi tun makon farko. Kafin a haifi uban tsohon aka ƙera jirgin. Ya ƙetare teku sau da dama, ya ci tsere, jaridu sun buga hotonsa. Daga baya ya yi ta sauya hannu, har aka yasar da shi cikin taɓo a bakin wani kogi, ya fara ruɓewa. Sai wani mai hali ya saye shi, aka kwaso shi a tirela. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a duk labarin: katakon jikinsa maɗaci ne daga wajenmu. Da na fere shi na shaƙi ƙamshin, sai da na juya baya kada a ga idona.

Wata biyu ina shara da goge katako da samfefa. Sannan aka kira tsohon zuwa asibiti za a yi masa aikin gwiwa. Ya nuna mini katako bakwai da za a sa a jikin jirgin ta gefen hagu, ya ce in bi yadda ya yi na sama. Ranar ce karon farko da aka miƙa mini kayan aiki a ƙasar nan a matsayin kafinta.

Na duba aikinsa, na girgiza kai. Tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa akwai 'yar kafa ta waje, wadda farce zai shiga. Na ce a raina tsufa ya zo wa bawan Allah, hannu ya fara rawa. A wajenmu katako bushewa yake yi ya tsuke, don haka matse shi ake yi tun farko. Babana in ya zo duba haɗi, takarda yake zurawa, in ta shiga ka sake. To wai a ce abin da zai hau ruwa a bar masa kafa?

Mako uku na yi a kan katakon nan bakwai. Na fere, na gwada, na sake ferewa, na bi da gam. Yatsuna suka tsage saboda sanyin rumfar. Da na gama ba ka iya gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba, ko a gida.

Tsohon ya dawo yana dogara sanda. Ya shafa wurin, ya daɗe yana shafawa. Ya ce aikin ya yi kyau ƙwarai, da teburin cin abinci ne. Sannan ya yi mini bayani a hankali, kamar mai yi wa mutum ta'aziyya. Katakon jirgi sha yake yi ya kumbura. Kafar nan da gangan ake barinta, a cusa mata auduga, in ruwa ya shiga jikin katakon sai ya matse audugar ya toshe kansa. Nawa kuwa ba inda zai kumbura ya je, sai dai ya tumɓuke ƙusoshi ya ɓalle a tsakiyar teku, da mutane a ciki.

Ni na cire su da hannuna. Saboda gam ɗin ba wanda ya fita lafiya, sai da zarto.

Da yamma a gidan Alhaji na kasa cin tuwo. Ya dube ni ya ce, "Malam, ba su sack ɗinka ba fa. Ci abinci."

Ba su kore ni ba, gaskiya ne. Tsohon ya zauna a kujera kusa da ni, aka kawo sabon maɗaci, na koma farko ina da shekara arba'in da ɗoriya. Hannuna sai ya riƙa matsewa da kansa, shi kuma ya buga sanda a ƙasa, in sassauta. A katako na uku ya zura farce a kafar, ya shiga, ya ce yanzu na zama mai ƙera jirgi. Na yi godiya. Ban ji komai ba sai gajiya.

Ranar Juma'a da na koma Fallowfield na gaya wa matata an yaba. Ta yi murna, ta ce, "Ka ɗauko hoton aikin mu tura Kano, Baba ya gani."

Na ce mata to. Na yi wata biyar a rumfar bayan nan, waya na aljihuna kullum, har ranar da aka ɗora jirgin a tirela aka yi kudu da shi. Ban ɗauka ba.